Ina Za Mu Kafa Rumbu? Abin Da Muka Gani A Salaga, Yendi, Bawku Da Walewale



A 'yan shekarun nan babu wani zaure ko bakin masallaci a zangunanmu, tun daga Nima da Sabon Zango a Ankara har zuwa Aboabo a Kumasi, da ba a tayar da zancen komawa gona. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai haya yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida kawai ta yarda a karɓa. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, kuma ko da ta sauko daga baya, kwanon masara bai koma inda yake da ba. Saboda haka magidanci yakan yi tagumi ya ce, shin ba gara in tattara iyalina mu nufi Arewa ba, mu sami fili, mu noma abin da za mu ci, mu kiwata zabi da awaki, mu huta da ƙwanƙwasa ƙofa a ƙarshen wata?

Niyya ce mai kyau, amma Arewa tana da faɗi. Mu wasu malaman makaranta, waɗanda aiki ya taɓa kai mu waɗannan gundumomi, mun yi amfani da hutu muka zaga garuruwa huɗu da Hausawa ke da tsohon zango a cikinsu, wato Salaga da Yendi da Bawku da Walewale. Sau biyu muka fita. Mun je a Afrilu, lokacin da rana ta fi ƙuna kuma rijiyoyi suka ja baya, sa'an nan muka koma a Satumba, lokacin da koguna suka cika. Duk wanda ya ga ƙasar Arewa a Yuli kaɗai, tana kore shar, zai ɗauka ko'ina aljanna ce.

Kafin mu hau mota, bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan aji huɗu. Gida mai mutum takwas yana cin kamar kwano biyu na hatsi a rana. Babban buhun masara kwano 40 ne, ke nan buhu ɗaya kwana 20 zai yi, shekara kuma buhu 18. Ba mu sa iri ba, ba mu sa zakka ba, wadda ke ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ba mu sa baƙo da suna da biki ba. A ce buhu 25. Manoman da muka zanta da su sun ce eka ɗaya ta masara ba tare da taki ba takan ba da buhu uku ko huɗu, da takin zamani da damina mai albarka kuwa takwas zuwa goma. Wanda ba ya son ransa ya rataya ga kuɗin taki yana bukatar eka bakwai na hatsi kaɗai, ban da gyaɗa da wake da wadda za a bari ta huta. Fili ɗan eka biyu a bayan gari lambu ne, ba ya riƙe gida.

Zuciyar Bahaushe Salaga take fara nufa, domin ita ce Gwanjar da kakanninmu suka yi ta tako daga Kano da Katsina, tafiyar watanni, da jakai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron ƙasar Tonawa. Yaƙin basasar 1892 tsakanin 'ya'yan sarautar Kpembe shi ya watsa wannan kasuwa, jama'a suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi. Cikinsu har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zauna a Krachi har rasuwarsa a 1934. Wasu zangunan Kudu sun ƙaru da jama'a daga wannan watsewa. Akwai kuma wurin da har yau ake kira Wankan Bayi, wanda ke tuna mana cewa ba goro kaɗai aka yi ciniki a can ba, kuma bai kamata mu riƙa tsallake wannan shafi ba idan muna ba yara tarihi.

Ta fuskar noma, cikin garuruwan huɗu Salaga ce ta fi kudu, ruwa yakan sauka da wuri ya kuma daɗe, daji yana da faɗi, mutane ba su yi yawa ba. Doya da rogo da masara duk suna yi. Amma doya noman ƙarfi ce. Da fartanya ake tara kowane tsibi, ana sunkuye tun asuba, kuma tana son sabuwar ƙasa. Konkomba da suka gwanance a kanta tun suna yara suke yi. Mutumin da ya shekara arba'in yana zaune a kanti ko a bayan keken ɗinki, bayansa ba zai ɗauka ba, sai dai ya biya 'yan ƙodago, kuma da zarar an fara biyan ƙodago lissafin dogaro da kai ya fara yoyo. Sai kuma ruwan sha. Ana yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu, amma a Afrilu abin da muka gani a ƙauyukan kewaye shi ne mata da yara da jarkoki a kan hanya. Dutsen da ke ƙarƙashin wannan yanki irin mai rowar ruwa ne, sau da yawa a haƙa burtsatse a tashi a banza. Hanyar Tamale kimanin kilomita 120 ce, ta kudu kuma sai ka jira jirgin fito a Makango kafin ka haye tafkin Volta zuwa Yeji.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Ƙasar tana hannun sarakunan Gwanja, amma da yawa cikin masu noma ta Konkomba ne da Nawuri da Nchumuru, kuma gardamar wane ne mai ƙasa ta jawo faɗa a Kpandai a 1991 da 1992, kafin babban yaƙin 1994 da ake kira yaƙin zabo, wanda ya faro daga wata kasuwa kusa da Bimbilla ya cinye rayuka da ƙauyuka masu yawa. An yi sulhu a Kumasi a 1996, kuma alhamdu lillahi an zauna lafiya. Sai dai baƙon da zai karɓi gona a can ya tabbata wanda ya ba shi da wanda ke maƙwabtaka da gonar bakinsu ɗaya ne.

Yendi ba za mu daɗe a kanta ba. Fadar Ya-Na ce, kimanin kilomita 100 gabas da Tamale, nan ne kuma kabarin Babatu, jarumin Zabarmawa. Bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Maris 2002 garin ya shekara goma sha bakwai cikin zaman ɗar-ɗar tsakanin gidan Abudu da gidan Andani, har aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu a Janairun 2019, bayan sulhun da Asantehene da Nayiri da Yagbonwura suka jagoranta. Tun daga nan gari ya farfaɗo, kuma farfaɗowar ce ta sa fili ya yi daraja. Masu tarakta da manyan gonakin masara da waken soya sun riga ƙaramin manomi zuwa wurare masu kyau na kusa da titi. Ruwan garin kuma ya dogara ga kogin Daka, wanda ke ƙafewa da rani. Wanda ke da dangi a zangon Yendi yana iya gwadawa. Wanda ba shi da kowa zai sami kansa can cikin daji.

Bawku kuwa da baƙin ciki muke rubuta sunanta. Babu inda Bahaushe zai ji kamar yana gida irin can, domin Hausa ce harshen kasuwa, Bakusashe da Bamoshe da Babusanga duk da ita suke ciniki, ga iyakar Burkina Faso da ta Togo a kusa. Kuma a ganinmu babu manoman da suka fi na Bawku sanin darajar ƙasa. Ba sa barin ko taki ɗaya na fili, kashin shanu da tokar murhu duk gona suke komawa, da rani kuma su bi bakin kogi da madatsai su yi albasar da ake kai wa har Ankara. To amma ƙwarewar tasu ta ƙarancin fili ce. Mutane sun yi yawa, ƙasa ta gaji, 'ya'yan yankin da kansu suke gangarawa kudu neman gona. Ga kuma rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya samo asali tun 1957, ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2021, ya kawo dokar hana fita da hana hawa babur, ya kori malamai da ma'aikatan asibiti. Ba mu da ɓangare a wannan magana, addu'a ce tamu. Amma ba za mu ce wa mai iyali ya kwashi 'ya'yansa ya kai su can ba.

Saura Walewale, kuma a nan ne muka fi daɗewa.

Garin yana kan babban titin Tamale zuwa Bolgatanga, kimanin kilomita 110 daga Tamale, 50 kuma zuwa Bolga. Dare da rana manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema suna ratsa shi zuwa Paga, su shiga Burkina da Mali da Nijar. Wannan ba sabon abu ba ne gare shi, domin tun zamanin fatake zango ne a kan hanyar ƙasar Moshi zuwa Salaga, kuma Bafaranshen nan Binger ya sauka a cikinsa a 1888 a kan hanyarsa ta zuwa Gwanja. Ƙasar Mamprusi ce, ƙarƙashin Nayiri da ke Nalerigu, wadda ta zama hedkwatar sabuwar Jihar Arewa Maso Gabas a 2019. Mutanen Kudu da yawa sun san sunan garin ne ta dalilin Dokta Mahamudu Bawumia, wanda ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2017 zuwa Janairun 2025. Musulmi suna da yawa, ana jin Hausa a kasuwa da tasha, ko da yake a ƙauye sai ka koyi Mampruli, kuma wanda ya ƙi koyo zai mutu yana baƙo.

Abin da ya sa muka fifita wannan yanki shi ne ya haɗa tudu da fadama a wuri guda, ga titi a kusa. A tudun gabas, wajen Guabuliga da Gbani da hanyar Langbensi, ana yin gero da dawa da masara da gyaɗa da gujiya. A kwarin Nasia ana yin shinkafa tun zamanin shirin ciyar da kai na Acheampong a 1972. A bakin Farin Volta, wajen Janga da Kpasenkpe, ƙasa baƙa ce mai laushi. Kaɗanya da ɗorawa da kuka suna ko'ina. Noman shanu kuma ya zauna da gindinsa, tun da tashar aikin gona ta 'yan mishan a Langbensi ta daɗe tana koya wa mutane huɗa da bijimai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai jiran tarakta yakan rasa ruwan shuka na farko, domin mai tarakta manyan gonaki yake fara yi wa, amma mai bijimai biyu da garma ranar da ƙasa ta jiƙa ranar yake fita, ga taki a garkensa kyauta.

Mai karatu zai tambaya, in ƙasar bakin kogi tana da kyau haka, me ya sa ba a cika ta da gidaje ba? Dalili biyu ne, ɗaya ya wuce, ɗaya yana nan. Na farko wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, cizonsa yana sa tsutsar da ke makantar da mutum. A da akwai ƙauyukan da za ka ga yaro yana jan dattawa da sanda, har jama'a suka gudu suka bar kwarin. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na feshin koguna, daga 1974 zuwa 2002, da rabon maganin Mectizan, su suka buɗe wannan ƙasa. Na biyu shi ne madatsar Bagre a Burkina Faso, a kan wannan kogi. Kusan kowace shekara, a Agusta ko Satumba, idan ta cika sai a buɗe ta, ruwan ya haɗu da na sama ya sauko ya kwanta a kan gonaki. Ambaliyar 2007 har yau ana ba da labarinta. A Nuwamban 2019 an yi bikin aza harsashin madatsa a Pwalugu wadda aka ce za ta tare wannan ruwa, amma har muka rubuta wannan ba mu ga madatsa ba. A Satumba mun tsaya a wata gona inda kan masara kaɗai ke leƙowa daga cikin ruwa. Mai gonar, wani dattijo, ya ce mana, "Masta, kogi ba ya sata, bashi yake karɓa. In ya janye a Oktoba ku dawo ku ga wake da kankana." Gaskiyarsa, a kan damshin da ruwa ya bari ake shuka su, ba taki ba ban ruwa, kuma ita ce kankanar da ake jibgewa a bakin titin Walewale.

Ke nan tsarin da muke ganin ya dace shi ne gida da rumbu da hatsin ci su zauna a tudu, a fadama kuma a riƙe 'yar gonar da in ta nutse ba za a kwana da yunwa ba. Kada kuma a zuba duka a masara. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo ƙasar nan wajen 2016, ta yi ɓarna sosai a 2017. A Yuli da Agustan 2024 ruwa ya ɗauke makonni a Arewa, masara ta ƙone a tsaye, har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje. Gero da dawa sun fi jure irin wannan, ga shi sun fi daɗewa a rumbu. Tuwon dawa dai ba baƙonmu ba ne, mun manta shi ne kawai a birni.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci, wato yadda baƙo ke samun ƙasa. A Arewa sarki a kan fata yake zama, ƙasa kuma ta fata ce, wato amana ce a hannun sarki domin jama'arsa. Tun zamanin Turawa gwamnati ce ke riƙe da filayen Arewa, sai tsarin mulkin 1979 ya mayar da su ga masu su. Tsarin mulkin 1992 da dokar filaye ta 2020 sun hana a sayar da irin wannan ƙasa sayarwa ta har abada, haya ce ta shekaru ake bayarwa, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya wuce shekara 50. Duk wanda ya ce zai sayar maka da daji ya zama naka da jikokinka, ka riƙe kuɗinka. Mu da iyayenmu suka ga korar baƙi ta 1969, lokacin Busia, ba ma bukatar a tuna mana amfanin takarda. Ka tabbata katin ɗan ƙasarka yana hannu kafin ka fara.

A al'ada ba ka zuwa fada kai kaɗai. Mai masauki kake nema, mutumin gari mai mutunci, ko ta hannun Sarkin Zango ko limami, shi zai kai ka wurin dattijon fada, a tsuguna a gaida sarki, a miƙa goro. Goron yau kuwa yana da 'yan'uwa a cikin ambulan. Sau da yawa za a nuna maka fili a ce ka noma ka ci, ba tare da an yanka maka kuɗi ba, sai dai da kaka ka kai wa mai ƙasa wani abu daga amfanin gona. Karamci ne na gaske, amma a fahimce shi: aro ne. Aron gona bai haɗa da itatuwan da ke cikinta ba. Kaɗanya da ɗorawa suna nan a hannun masu ƙasa, kuma idan uwargida ta fita da asuba ta tsinci ƙwaryar kaɗe ba da izini ba, ƙaramar magana ta zama babba. Dasa mangwaro ko kashu a gonar aro kuwa kamar ka ce ƙasar taka ce. Sa'an nan mun ji labarin waɗanda suka shekara uku suna zuba taki a ƙasar da ƙuduji ya kashe, da ta farfaɗo sai mai ita ya ce ɗansa ya dawo daga Kumasi yana bukata. Babu wanda ya yi ƙarya a nan, an dai ƙi yin magana tun farko. Saboda haka inda za ka gina gida da inda za ka dasa itace, a nemi takardar sarki, a kawo safiyo ya auna, a rubuta shekaru, a kai ofishin filaye na masarauta da Hukumar Filaye. Gonar hatsi kuma ko aro ce a faɗi adadin damina a gaban shaidu.

Game da ruwan sha, ba mu ce ƙauyukan Walewale duka sun fi na Salaga ba, abin ƙauye-ƙauye ne. Kada ka tambayi maza, domin za su ce ruwa ba matsala. Ka tambayi mata inda suke ɗebowa a Afrilu da ƙarfe nawa suke fita. Kurkunu dai Allah ya raba mu da shi: a Diare, a kan wannan titi na Tamale, aka ga na ƙarshe a ƙasar nan a 2010. Ka kuma tambayi inda burtalin shanu ya bi kafin ka sa gatari. Wanda ya yi gona a kan hanyar Fulani zuwa mashaya ya sayi rigima da kuɗinsa, wanda kuwa ya yi shiri da su suka kwana da garke a gonarsa bayan girbi ya sami takin shekara.

Ba za mu ɓoye aibin Walewale ba. Wutar Bawku ta yi tartsatsi har nan: a Oktoban 2024 an tare matafiya a kan titi kusa da garin aka kashe mutane, a Fabrairun 2025 kuma gwamnati ta sa dokar hana fitar dare. 'Yan fashi ma sun sha addabar hanyoyin yankin. A Agustan 2023 ruwa ya yanke hanyar Nalerigu a wajen Tinguri, alhali asibitin Baptist na Nalerigu nan ne madogarar jama'a da yawa, musamman ga saran kububuwa, wadda ke yawa lokacin sassabe da girbi. Takalmin roba mai tsawo ya fi rediyo amfani. Ƙetaren kogi kuma, wajen Yagaba da Kubori, inda ake yi wa laƙabi da ƙasar waje saboda wuyar shiga da damina, fili yana da yawa da araha, amma ba mu ba sabon zuwa shawarar ya fara daga can. A matsayinmu na malamai muna cewa kada gida ya wuce tafiyar keke daga makarantar da ke da ƙaramar sakandare, in ba haka ba 'ya'ya mata su ne farkon waɗanda za su zauna.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sa mu yi tunani. 'Yan matan nan masu dakon kaya a ka a kasuwannin Ankara da Kejetia, da yawansu daga wannan ƙasa ta Mamprusi suka fito. Iyayensu suna da gona, sun kuma fi mu iya noma. Abin da ke korarsu shi ne damina ɗaya ce a shekara, rani wata shida ba kuɗin shiga, ga Yuni da Yuli lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Gona tana ba da tuwo, amma kuɗin magani da na littafi da na gishiri daga wani wuri suke fitowa. A nan ne ɗan zango yake da abin da zai ci gaba da shi, domin kusan kowannenmu yana da sana'a: ɗinki, fawa, tsire, gyaran babur, koko da ƙosai, karantar da allo. Kada a sayar da keken ɗinki a sayi bijimi. Sana'ar ce ma za ta sa ƙauye ya ga amfaninka, a kira ka gayya, kai ma in ka kira a zo, domin eka goma ba ta nomuwa da hannun mutum ɗaya da 'ya'yan da suka tashi a Nima.

Wanda ya ƙudura niyya, shawararmu ita ce shekarar farko ya bar iyali inda suke, ya kama ɗaki a cikin Walewale, ya ari eka biyu ko uku a ƙauyen da bai wuce tafiyar babur ta rabin awa ba, ya ga damina ɗaya da rani ɗaya da idonsa. Ruwan shuka yakan zauna ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, saboda haka maganar fili a gama ta tun Fabrairu, sassabe a Maris da Afrilu. Ginin ƙasa da rani ake yinsa, tun ana samun ruwan kwaɓa a tafki, wato Disamba zuwa Janairu. Ciyawar jinka kuwa a Nuwamba ake yankan ta a ɗaure a ɗora bisa itace, kafin gobarar daji ta bi ta kanta. Wanda ya iso a Maris sai dai ya saya a hannun waɗanda suka tara, ko ya nemi kuɗin kwanon rufi.